“Da sauƙi” ta kusa hana shi haƙƙinsa: labarin wani direban bas a Ingila

Uwargidansa ce ta nemi a rubuta wannan labari, da sharaɗin kada a ambaci sunansu. Mu da muke taya 'yan uwa Hausawa cike takardun neman tallafi a nan Manchesta mun bi maganar neman kuɗin da gwamnati ke biyan wanda allurar rigakafi ta nakasa tun daga fom na farko har ranar da kuɗi suka shiga asusu, don haka abin da ke nan shaida ce ta abin da aka gani a takarda da kuma cikin gida. Za mu kira shi Alhaji, kamar yadda kowa ke kiransa a masallaci, ita kuma Hajiya.

Alhaji mutumin Kano ne. Ya haura shekara ashirin a Ingila, rabinsu yana tuƙin bas na cikin gari. A 2021 shekarunsa 52, ba hawan jini, ba ciwon suga, ba ya shan taba. A tsakiyar watan Maris na shekarar layi ya zo kan 'yan shekara hamsin zuwa sama, aka turo masa saƙo a waya, ya je aka yi masa allurar rigakafin Korona ta farko. Irin wadda aka fi yi wa manya a Birtaniya a lokacin ce. Ya yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi na kwana biyu, ya warware, ya koma bakin aiki.

A kwana na tara kansa ya fara sarawa. Ba irin ciwon kan da ya saba ba: farasitamol ba ya taɓa shi, idan ya kwanta sai ya ƙaru, idan ya sunkuya ɗaura igiyar takalmi sai ya ji kamar kan zai tsage. Ya ce gajiya ce. Kwana biyu yana fama a haka yana fita aiki. Ranar ta uku da asuba Hajiya ta ji faɗuwar buta a banɗaki. Ta same shi tsugune, yana ƙoƙarin ɗaukar butar da hannun hagu, hannun yana zamewa kamar ba nasa ba, ruwa ya malale har bakin ƙofa. Ta ce, “Alhaji, lafiya?” Ya buɗe baki zai amsa, bakin ya karkace, sai jiki ya ɗauki jijjiga. Ta kira 999, lambar gaggawa.

A asibiti gwajin jinin farko ne ya ta da hankalin likitan da ke bakin aiki. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin jini da ke haɗuwa su toshe rauni don jini ya tsaya. A mai lafiya awonsu yana tsakanin 150 da 400. Na Alhaji bai kai 40 ba. Wanda ƙwayoyin nan suka yi masa ƙaranci haka, zubar jini ake ji masa tsoro, amma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna akasin haka: jini ne ya daskare a manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga kai, hanya ta toshe, jinin da ya rasa mafita ya fasa ya zuba a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Daskarewa da ƙarancin ƙwayoyin daskarwa a lokaci guda, wannan shi ne tambarin ciwon da likitocin jini a Jamus da Norway da Birtaniya suka gano a daidai waɗannan makonni, wanda ake taƙaita sunansa da VITT. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki ta ƙera sojoji a kan wani sinadarin jini da ake kira PF4, su zuga ƙwayoyin su yi ta curewa inda bai kamata ba har su ƙare. Yakan bayyana tsakanin kwana 5 zuwa 30 bayan allurar farko. Lissafin likitocin Birtaniya ya nuna kusan mutum ɗaya cikin 50,000 a 'yan ƙasa da shekara hamsin, ɗaya cikin 100,000 a waɗanda suka haura. Alhaji ya faɗo cikin wannan ɗayan.

Allah ya taimake shi ya faɗa hannun waɗanda labarin ciwon ya riga ya iske. Ba su ba shi hefarin ba, maganin tsinka jinin da aka saba fara bayarwa, domin a lokacin ana tsoron ya ƙara rura wutar. Ba su yi masa ƙarin ƙwayoyin da suka yi ƙasa ba, don wannan ƙara wa wuta itace ne. Sun ɗaura masa ruwan garkuwa ta jijiya, giram ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa, suka ba shi wani maganin tsinka jini daban, suka kuma aika jininsa gwajin PF4. Wannan gwaji na ƙarshe, wanda Hajiya ba ta ma san an yi ba, shi ne daga baya ya zama ginshiƙin takardunsu. Yana kwance aka sanar, ranar 7 ga Afrilu, cewa 'yan ƙasa da shekara 30 a ba su wata allurar daban, ranar 7 ga Mayu kuma aka ɗaga zuwa 'yan ƙasa da 40. Azumin shekarar gaba ɗaya a gadon asibiti ya yi shi. Bayan ƙaramar salla aka sallamo shi.

Wanda ya dawo gida yana tafiya da sanda, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Hannun hagu yana motsi amma ba ya riƙe abu. Rabin abin da ke gefen hagunsa ba ya gani, da duka idanun biyu, har yakan ci rabin tuwon da ke faranti ya ce ya ƙare. Farfaɗiya ta zauna masa, yana shan magani safe da dare. Ga mantuwa, ga saurin fushi da ba a san shi da shi ba. Tuƙi kuwa ya ƙare: dokar lasisin bas da manyan motoci tana neman mai farfaɗiya ya shekara goma ba ta tashi ba kuma ba ya shan magani, sannan raunin ganin gefe kaɗai ma ya isa ya hana shi.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fara ce wa Hajiya akwai kuɗin da gwamnati ke biya. Tsarin tsoho ne. A farkon shekarun 1970 wata uwa mai suna Rosemary Fox, wadda 'yarta ta nakasa bayan allurar shan inna, ta haɗa ƙungiyar iyaye, ɗan majalisa Jack Ashley ya ɗauki maganarsu, har aka yi doka a 1979. Sunan tsarin a Turance Vaccine Damage Payment, kuma da wannan suna ake nemansa a shafin gwamnati. Da farko fam 10,000 ake biya, sai nakasa ta kai kashi 80 cikin ɗari. A 2002 aka sauko da ma'aunin zuwa kashi 60. Kuɗin ya yi ta hawa har ya kai fam 120,000 a 2007, kuma tun daga nan bai motsa ba. An saka Korona cikin jerin a ranar ƙarshe ta Disambar 2020. Ma'aikatar ayyuka da fansho ce ke gudanar da shi da, amma daga 1 ga Nuwamban 2021 ya koma hannun wani sashe na hukumar lafiya ta ƙasa, NHS.

Mu diyya muke ce masa a bakinmu, amma gwamnati ta nace cewa ba diyya ba ce, kuma bambancin yana da amfani. Ba a neman ka nuna laifin kowa. Ba a lissafa albashin da ka rasa ko kuɗin jinya. Dunƙule ɗaya ne, sau ɗaya, babu haraji a kansa: ko fam 120,000 cif, ko ba ko sisi. Wanda aka auna masa kashi 50 da wanda aka auna masa kashi 5 duk hannu rabbana za su koma. Karɓarsa kuma ba ya hana ka kai ƙara kotu, sai dai idan ka ci shari'a za a cire abin da aka riga aka ba ka.

Kafin a taɓa fom akwai ƙofofi da ya kamata a duba, don mun ga waɗanda suka ɓata wata da watanni a kan abin da tun farko ba zai shiga ba. Dole allurar ta kasance an yi ta a Birtaniya ko tsibirin Man, sai fa sojoji da iyalansu da aka yi wa a waje ta hannun rundunarsu. Wanda ya je hutu gida aka yi masa a Kano ko Kumasi, ko da fasfo ɗinsa na Birtaniya ne, ba ya ciki. Dole cutar ta kasance a jerin doka: kyanda, shan inna, tarin fuka, tarin lala, mashaƙo, hangum, wasu nau'o'in sanƙarau, mura, Korona da wasu. Allurar shawara, wadda mutanenmu ke yi kafin tafiya gida, ba ta cikin jerin. Yawancin alluran sai an yi su kafin mutum ya cika shekara 18, amma Korona da shan inna da wasu kaɗan babu wannan iyaka. Yaro sai ya cika shekara biyu ake nema masa. Sai wa'adi: shekara shida daga ranar allura, ko ranar da mutum zai cika shekara 21, duk wanda ya fi nisa. Wanda aka yi wa allura a Maris na 2021, ƙofarsa a Maris na 2027 take rufewa. Idan mutum ya rasu, mai kula da gadonsa a hukumance ne ke nema.

Fom ɗin kansa ba shi da wuya, ana cikewa ta intanet ko a aika ta gidan waya. Suna, lambar NHS, ranar allura da wurin da aka yi, sunan likitan unguwa, sunayen duk asibitocin da suka duba mutum, sai sa hannun amincewa a karɓo takardun jinyarsa. Sauƙin nan ne ke yaudarar mutane. Hajiya ta cike shi a zama ɗaya da daddare bayan yara sun kwanta. Wurin da aka ce a bayyana nakasar ta rubuta layi uku. Asibitoci ta sa biyu, ta manta cibiyar gashin ƙashi da motsa jiki inda ya yi mako shida, ta manta asibitin ido. Babu wanda zai je ya nemo abin da ba ka ambata ba.

Sai jira. Mafi yawan jinkirin daga wajen tattara takardu ne: ofishin yana rubuta wa kowane asibiti, wani ya amsa cikin mako uku, wani sai an yi ta tuni. Ɗaya daga cikin asibitocin Alhaji ya riƙe nasa fiye da wata biyar. Sai takardu sun cika ake miƙa wa likita mai zaman kansa ya auna. Wannan likita ba zai ga mara lafiya ba, ba zai kira shi a waya ba, ba zai shigo gida ya ga yadda ake sa masa riga ba. Takarda kawai yake karantawa. Duk wanda zai nemi kuɗin nan ya riƙe wannan da kyau.

Bayan fiye da shekara wasiƙa ta zo. Tambaya biyu ake amsawa a kowace buƙata, kuma kowacce da ƙafarta take tsayawa. Ta farko: allurar ce ta jawo? Ba a neman tabbaci ɗari bisa ɗari, rinjaye ake nema, wato yiwuwar ita ce ta fi yiwuwar ba ita ba ce. A nan Alhaji ya wuce ba gardama, saboda kwanakin sun dace, awon jini ya dace, ga sakamakon PF4, ga kuma likitan jini ya rubuta sunan ciwon ƙarara a takardar sallama. Yawancin waɗanda ake mayarwa a wannan tambaya suke faɗuwa, don faruwar abu bayan allura ba ya nufin allurar ce ta kawo shi. Tambaya ta biyu: nakasar ta kai kashi 60? Amsa: a'a.

Hajiya ta kawo wasiƙar a cikin leda, ta ajiye a kan tebur, ta ce, “Malam, sun yarda allurar ce, amma wai bai nakasa sosai ba. Mutumin da ni nake yanke masa nama?”

Daga ina kashi 60 ya fito? Ma'aunin na ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki ne, daga wani jadawali na dokar 1982 wanda tushensa ya fi haka tsufa, zamanin ma'adinai da masana'antu. A cikinsa rasa hannu ɗaya daga wuyan hannu kashi 60 ne. Rasa yatsu huɗu na hannu ɗaya kashi 50. Rasa babban yatsa kashi 30. Rasa ido ɗaya, ɗayan lafiya lau, kashi 40. Kurumta gaba ɗaya kashi 100. Jadawali ne na abin da ake gani da ido, abin da aka yanke. Babu layin mantuwa a cikinsa, babu na farfaɗiya, babu na mutumin da ba za a bar shi da tukunya a kan wuta ba. Mai aunawa zai kwatanta ne: shin halin wannan mutum, idan aka gwada da sa'ansa mai lafiya, ya kai na wanda ya rasa hannu? Kuma abin da zai kwatanta da shi, abin da likitoci suka rubuta ne.

Da aka zauna aka karanta rahoton mai aunawa layi-layi, aka nemo takardun da ya dogara da su, sai abin ya fito fili. Mutumin bai yi zalunci ba. Abin da aka ba shi ya karanta. Wasiƙar likitan ƙwaƙwalwa ta ce mara lafiya ya ce yana samun sauƙi. Ta likitan jini ta ce yana cikin walwala, ba shi da ƙorafi. Ta likitan unguwa ta ce yana iya kula da kansa. Wasiƙa bakwai, duk waƙa ɗaya. Aka tambayi Hajiya yadda ganin likita ke kasancewa, sai ta kwatanta. Alhaji zai sa babbar riga ko kaftani mai guga, wanda ita ta sa masa, ta ɓalla masa maɓalli. Likita zai ce yaya jiki. Alhaji zai yi murmushi ya ce da sauƙi, alhamdulillahi, da Turancinsa mai kyau. Za a ce yana iya wanka da kansa? Zai ce eh. Ita kuwa tana gefe, ba za ta ƙaryata mijinta a gaban baƙo ba.

A wurinmu “da sauƙi” ba rahoto ba ne, ladabi ne da tawakkali. Mun sha jin ta daga bakin wanda bai kai gobe ba. Bahaushe ya san idan an ce da sauƙi sai ya dubi fuskar mai jinya. Likitan Ingila kuwa rubutawa zai yi kamar yadda ya ji, kuma wannan rubutu shi ne zai tsaya a madadin mutum ranar da ake auna shi. Ga kunya a kai: wane magidanci ne zai ce wa 'yar yarinyar likita matarsa ce ke taya shi tsarki? Ba mu ga laifin Alhaji ba. Amma godiya ga Allah daban, bayanin ciwo ga likita daban, kuma ɗaya ba ya rushe ɗaya. Wani malami a masallacinsu ne ya zaunar da shi ya faɗa masa haka, ya ce ɓoye wa likita ciwo ba haƙuri ba ne. Daga bakin matarsa da ba zai karɓa ba.

Wanda aka mayar yana da damar neman a sake duba hukuncin, a rubuce, yana faɗin inda yake ganin an yi kuskure, da sabuwar hujja. Idan aka sake mayar da shi, sai ya ɗaukaka zuwa kotun sauraron ƙorafin tallafi, wadda ba ta ƙarƙashin ofishin, ba a biyan kuɗin shiga, kuma a can ne kaɗai alƙali da likita za su ga mutum ido da ido. Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da wasiƙar ɓacin rai ba tare da sabon abu ba. Takardu iri ɗaya amsa iri ɗaya za su haifar.

Wata bakwai aka ɗauka ana sake gini. An fara da neman kwafin takardunsa duka daga kowane asibiti da likitan unguwa. Haƙƙin mutum ne, kyauta ne, kuma doka ta ba su wata ɗaya su bayar. A cikin na cibiyar motsa jiki, waɗanda ba su taɓa isa ga mai aunawa ba, aka sami awon ƙarfin hannu da bayanin cewa ba ya hawa bene sai da mai riƙe shi. A na asibitin ido aka sami taswirar gani, rabin da'ira baƙi ƙirin a kowane ido. Sannan aka roƙi likitan unguwa ya tura shi wurare biyu: wurin masanin da ke gwada tunani da riƙe abu a ƙwaƙwalwa, gwajin da ke cin awa uku zuwa huɗu, da kuma ma'aikaciyar da ke zuwa gida ta ga yadda mutum ke gudanar da rayuwarsa. Wannan ta biyun ta ce ya haɗa mata shayi. Ya kunna butar lantarki babu ruwa a ciki, ya nemi kofin da ke gefen hagunsa bai gan shi ba, ya zuba suga sau biyu. Ta rubuta duka, da mintocin da ya ɗauka.

Hajiya kuma aka ba ta littafin makaranta mai layi, aka ce ta rubuta kullum na mako takwas, da Hausa ma ya yi, za a fassara. Ba “yau jiki ba daɗi” ba. Kwanan wata, lokaci, abin da ya faru, minti nawa, wa ya taimaka. “Talata, 6:40 na safe, farfaɗiya minti biyu, ya ciji harshe, ya yi barci har azahar.” “Alhamis, ya fita sayen burodi shagon da ke ƙarshen layi, bai dawo ba sai da babban yaro ya nemo shi bayan minti arba'in.” “Ya sha maganin dare sau biyu.” Ranakun da ya wuni lafiya su ma an ce ta rubuta, don littafin da babu rana mai kyau ko ɗaya a cikinsa ba a yarda da shi, kuma ƙari a kan gaskiya yana rusa gaskiyar da ke tare da shi.

A wasiƙar neman sake dubawa an jera raunukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shafin da ke tabbatar da shi, sannan aka nuna yadda suke haɗuwa: mai raunin ƙafa da ke gani sosai yana iya kauce wa abin tuntuɓe, wanda ba ya ganin gefen da ƙafar ke ja ba zai iya ba. An kuma kawo hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2017, a shari'ar wani yaro da ciwon yawan barci ya kama bayan allurar murar aladu ta 2009. Kotun ta ce ba halin yau kaɗai ake dubawa ba, har da abin da nakasar za ta hana mutum a gaba, kuma jadawalin jagora ne, ba a ɗaure mai aunawa da shi ba. Likitan ƙwaƙwalwa ya ƙara layi ɗaya da aka roƙe shi ya faɗa idan ya yarda da shi: bayan shekara biyu, ba a sa ran wani babban canji.

Amsa ta biyu ta zo da cewa nakasar ta kai ma'auni. Ba a kai ga kotu ba.

A nan ne wani ramin yake a da, kuma mutane da yawa ba su gan shi ba sai da suka faɗa. Tun da aiki ya tsaya, gidan yana rayuwa ne da tallafin Universal Credit, wanda ke duba abin da ka mallaka. Ajiya ta haura fam 6,000 ana fara rage shi, ta haura fam 16,000 a yanke gaba ɗaya, har da kuɗin haya. A da, irin wannan kuɗi ana kau da kai daga gare shi na wata goma sha biyu kawai, kamar sauran kuɗin da ake biya saboda rauni a jiki. Bayan nan, idan yana zaune a asusun mutum, sai ya zama dukiya kamar kowace, har zuwa 2023 da aka gyara dokar aka daina lissafa shi. Mafitar da aka saba bi ita ce asusun amana na musamman da lauya ke rubutawa, a sa amintattu aƙalla biyu, kuɗin ya zauna da sunan amanar, ba ya gauraya da kuɗin cefane.  Kuma dole a sanar da ofishin tallafi cewa an karɓa. Tallafin nakasa na PIP ba ya duba dukiya, shi bai taɓu ba, haka kuɗin mai jinya da Hajiya ke karɓa saboda tana kula da shi fiye da awa 35 a mako. Abin da aka fi jan kunnensu a kai shi ne rabo: idan aka ɗebi kuɗin aka aika gida aka rarraba wa dangi, ofishin tallafi na iya lissafa shi kamar yana nan.

Dangi kuwa sun ji labari. Wani ƙanin mahaifinsa ya kira daga Kano ya ce ai dama sun faɗa, allurar Turawa ba alheri. Ba a rasa dalilin wannan zargi a Kano ba: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Amma wancan gwajin magani ne, ba rigakafi ba, kuma ta hanyar shari'a kuɗin suka fito. Alhaji ya amsa wa baffan nasa da cewa, “Baffa, yarana duka an yi musu rigakafinsu, kuma jikokina ma za a yi musu.” A ganinmu nan ne hujjar dokar take: allurar da ta kare dubban dubbai ta faɗa a kan mutum ɗaya, shi ya ɗauki kason kowa, bai kamata a bar shi da iyalinsa su ɗauka su kaɗai ba. Inda muke da ja shi ne adadin da kuma katangar kashi 60. Lokacin da ciwon ya same shi, Alhaji yana da sauran shekara 15 kafin ya kai 67, shekarun fansho, abin da aka ba shi kuwa bai fi albashinsa na shekara huɗu ba.

Masu tambaya daga gida ko akwai irin wannan a can: alluran Korona da suka shigo ta COVAX, shirin raba alluran ga ƙasashen duniya, kamar waɗanda suka sauka Ghana ranar 24 ga Fabrairun 2021 da Najeriya ranar 2 ga Maris, suna da tsarin biya nasu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya da kamfanin inshora na Chubb don ƙasashe 92, ba tare da zuwa kotu ba. Ya bambanta da na Birtaniya ta wani muhimmin wuri: wanda ya karɓa ya rufe ƙofar ƙara. Shi ma katin allura da takardun asibiti yake nema, shi ma yana da wa'adi.

Daga asusun amanar an mayar da banɗakin ƙasa na wanka a tsaye da kujera da ƙarfen riƙewa, an sa kujerar hawa bene, an sayi agogon da ke ƙara idan lokacin magani ya yi. Sauran yana ajiye, amintattu biyu ne ke sa hannu kafin a taɓa. Hajiya ba ta daina rubutu a littafin ba, tana kan na huɗu yanzu, domin ana sake duba tallafin PIP lokaci-lokaci, kuma can ma tambayoyin iri ɗaya ne. Ranar ganin likita takan sa shi a jaka tare da kwalayen magani. Sun yi yarjejeniya da Alhaji: shi zai amsa gaisuwa, in an zo tambayar wanka da bene da farfaɗiya sai ya ce, “Hajiya, karanta musu.”